Jerusalema: Mun Taka Rawar, Mi Waƙar Ke Cewa?

Ƴan uwana ɗalibai, bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro. A hutun da ya wuce na je Maraɗi bikin ɗiyar kawuna. Da la'asar sakaliya aka jera kujeru a ƙofar gida, dije ya kafa kayansa, ya yi ta sakin waƙoƙin Kano da na Legas. Mutane na shiga fili ɗaya-ɗaya, a yi liƙi a fito. Can sai ya saki Jerusalema. Ban ga wanda ya kira kowa ba, amma kafin ka ce kwabo ƴan mata sun yi sahu uku, yara sun yi nasu a baya, har da wata gwaggona da ke korar mu daga gaban tele muna ƙanana. Ƙafa ɗaya gaba, a buga sau huɗu, a sauya, a juya. Waƙar da ta fito tun 2019, ga ta nan da ranta.

Da aka lafa, kakarmu da ke zaune bisa tabarma ta jawo hannun rigata ta ce: "Kai angona, kai da aka ce harsuna kake karatu, mi yarinyar ga take cewa? Ni dai na ji kamar kuka take, ku ko kuna ta tsalle." Na buɗe baki na rufe. Shekarata uku a sashen nazarin harshe, na taka rawar nan ba adadi, amma ban taɓa tambayar kaina ko da wane harshe ake yin ta ba. Kunyar da na ji ran nan ita ta haifi wannan rubutu.

Daga ina ta fito

Waƙar ta Afirka ta Kudu ce. Wanda ya haɗa kiɗan shi ne Master KG, sunansa na yanka Kgaogelo Moagi, haifaffen 1996, ɗan lardin Limpopo a arewacin ƙasar. Ba makaɗi ba ne irin wanda muka sani da kalangu a hammata. Kwamfuta ce gangarsa, a cikinta yake jera sautuka har su zama kiɗa. Kafin Jerusalema ya riga ya yi suna a ƙasarsu da Skeleton Move a 2018. Muryar kuwa ta Nomcebo Zikode ce, ƴar Hammarsdale a lardin KwaZulu-Natal, wadda ta share shekaru tana ƴar amshi a bayan wasu mawaƙa. An saki waƙar a ƙarshen Nuwamba 2019, kilip ɗinta ya hau YouTube a Disamba.

A Fabrairu 2020 wasu matasa ƴan rawa a Angola, masu kiran kansu Fenómenos do Semba, suka ɗauki kansu a bidiyo suna taka ta a tsakar gida, kowa da farantin abinci a hannu, suna ci suna rawa. Takun nasu shi duniya ta kwafa. A lura da abu biyu: ba Master KG ya ƙirƙiro rawar ba, kuma harshen hukuma a Angola na Fotugal ne, Zulu ba harshen ƙasar ba ne. Ke nan tun matakin farko da waƙar ta yi waje da gida, ƙafa ce ta ɗauke ta.

Sai ga korona. Kowa ya tuna Maris 2020 a nan: aka rufe makarantu da masallatai, aka sa dokar hana yawon dare a Yamai. A Turai abin ya fi namu tsanani. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne ma'aikatan asibiti, ƴan sanda, ƴan kwana-kwana, ma'aikatan filayen jirgin sama, har da limaman coci, suka riƙa jeruwa suna taka ta suna sawa a intanet. A Yuni Burna Boy na Najeriya ya shiga sabon zubin waƙar. A Satumba ta zama waƙar da aka fi nema a duniya a Shazam, manhajar nan da ake kanga wa kiɗa ta faɗi sunansa, wato dai miliyoyin mutane sun ji ta ba su san ko ta wa ce ba. Shugaba Cyril Ramaphosa da kansa ya ce ƴan ƙasarsa su taka ta ran bikin al'adunsu, 24 ga Satumba. A Nuwamba Master KG ya karɓi kyautar MTV ta Turai ta gwarzon mawaƙin Afirka. Kilip ɗin ya haura kallo miliyan 500 a YouTube.

Mu kuwa ta hanyarmu ta iso: Xender, WhatsApp, da mai tura waƙoƙi na bakin tasha. Lokacin ina ajin tarminal, muna zaune gida ba mu san ko za a yi bak ba.

Kiɗan

Yawan masu kallo ba shi ke nuna kyawon waƙa ba, in ba haka ba da tallar sabulu ta fi Shata. Don haka mu ajiye lissafi mu saurara.

Ƙashin bayan kiɗan bugu huɗu ne daidai wa daida, kusan 124 a minti ɗaya, irin na kiɗan rawa na na'ura da ake kira haus. Ba ya gaba ba ya baya. Mu da muka tashi da kalangu mun san ganga mai magana, wadda ke hawa da sauka da karin harshe har ta kira sunan mutum ta yi masa kirari. Gangar Master KG ba ta cewa komai. Ta fi kama da injin niƙa na unguwa: in ya tashi, haka zai yi ta yi har a kashe. A bisanta akwai zagayen sauti ɗaya da ake ta maimaitawa. Bayan minti na farko babu wani sabon abu da kiɗan zai nuna maka. Wannan rauni ne, kuma ba na ɓoye shi. Ka cire muryar a ranka ka saurari abin da ya rage, kiɗan jiran labarai ne a radiyo.

To amma a nan ne wayon yaron yake. Ya bar fili. Bai cika kiɗan da tarkace ba, sai muryar Nomcebo ta samu wurin zama. Murya ce mai kauri, mai nauyi, ta mace wadda ta ga jiya ta ga yau. Ganga na sauri, ita kuwa tana jan wasali a hankali kamar mai kiran wani daga nesa. Wannan saɓani tsakanin gaggawar ganga da nauyin murya shi ne waƙar baki ɗaya. Ƙafarka na bin ɗaya, ƙirjinka na bin ɗaya. Kakata ba ta rawa, shi ya sa ta ji rabin da mu muka bari.

Game da zubin Burna Boy, na san zan ɓata wa wasu rai. Ya buɗe wa waƙar ƙofofin kasuwa, wannan gaskiya ne, kuma muryarsa ba abin rainawa ba ce. Amma filin nan da na ce an bari, shi ya zo ya cika. Waƙar mace ɗaya da ke kira cikin kaɗaici ta koma taron manya. A kunnena ta farkon ta fi.

Rawar ma tana da nata sirrin. Ba a riƙe kowa, ba a taɓa kowa, kowa na tsaye a gurbinsa cikin sahu. A lokacin da aka ce a yi nesa da juna, rawa ce da za a yi tare ba tare da an haɗa jiki ba. A wurinmu kuma wannan ne ya sa ta shiga gidan biki ba a yi mata kallon rawar banza ba. Ba ta buƙatar gwani. Gwaggo ta koye ta a yini ɗaya.

Harshen

Yanzu ga fagena. Da harshen Zulu ake waƙar, ɗaya daga cikin harsunan Bantu, kuma shi ne harshen uwa na kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Afirka ta Kudu. Ba shi da dangantakar asali ta kusa da Hausa, wadda ke cikin dangin Cadi. To me ya sa bakin Bahaushe, da na ɗan Italiya, da na ɗan Romaniya, duk suka iya kwaikwayonta?

Na farko, layukan ba su kai goma ba, su ake ta juyawa. Na biyu, Zulu na da wasu baƙaƙe da ake yi da tsotsar harshe, waɗanda suke rubutawa da c da q da x. Abin da ya fi kusa da su a wurinmu shi ne tsaki. Mu in ka yi wa babba tsaki ka nemi mari, su kuwa harafi ne kamar b da d. Waɗannan sautuka su ke ba baƙo tsoro a Zulu. Na zauna da kalmomin waƙar na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda a ciki. Abin da ya cika ta su ne l da n da m, sautuka masu laushi. Na uku, gaɓoɓin Zulu da wasali suke ƙarewa, kuma kalmomin Hausa mafi yawa haka suke. Bakinmu ya samu hanya a share.

Sunan waƙar kansa darasi ne. A Faransanci da Ingilishi sunan birnin da m yake ƙarewa. Zulu ba ya son rufe kalma da baƙi, sai ya ƙara a. Mu ma haka muke yi wa baƙin kalmomi: alƙalam na Larabci ya zama alƙalami, baket na Ingilishi ya zama bokiti. Gaskiya ne mu ƴan Nijar mun bar wasu na Faransanci yadda suka zo, kamar lakwal, amma tsohuwar ɗabi'ar harshen ita ce ƙara wasali. Ku duba Littafi Mai Tsarki na Hausa: Urushalima aka rubuta, da a ɗin nan a ƙarshe. Harsuna biyu da ba su san juna ba, sun yi wa suna ɗaya ɗinki iri ɗaya.

Wata ƙanwata ta daɗe tana zaton waƙar soyayya ce ga wata Salamatu. Na yi mata dariya, daga baya na gane ba ta yi nisa da yawa ba. Saiwar da ke ƙarshen sunan birnin ƴar uwar saiwar Larabci ce ta s-l-m, wadda ta ba mu salama da sallama da Salamatu ɗin kanta.

Abin da take cewa

Kaka ta canka. Addu'a ce. Mai waƙar na roƙon kariya, tana nuna cewa duniyar nan ba ita ce mazauninta na gaskiya ba, tana begen wani gida. Nomcebo ta sha faɗa a hira da ƴan jarida cewa ta rera ta ne a lokacin da rayuwa ta yi mata ƙunci. Birnin da take kira ba wanda muke gani a labarai da sojoji da shingaye ba ne. A wurin Kiristoci akwai Sabuwar Urushalima ta sama, wadda aka ambata a ƙarshen littafinsu. Kuma a kudancin Afirka sunayen ƙasa mai tsarki sun zama na gida: babbar cocin nan ta Zion tana da hedkwatarta a wani wuri da ake kira Moria, cikin Limpopo, lardin su Master KG, inda ɗimbin mabiya ke taruwa lokacin Ista.

Da na kai wannan bayani fadarmu, shayi bai kai ga na biyu ba gardama ta kaure. Wani abokina ya ce: "Ka gani ko? Shekara da shekaru muna rawa da waƙar coci ba mu sani ba. Wallahi an cuce mu." Wani ya ce: "Kai dai bari. Kiɗa ba shi da yare, ba shi da addini. In ya yi daɗi a taka kawai."

Ni ba malami ba ne, hukuncin halas da haram ba nawa ba ne, kowa ya san inda zai kai tambayarsa. Amma a matsayina na ɗalibin harshe ina da magana da su duka biyu.

Na biyun nake fi jin tsoro. Cewa kiɗa ba shi da yare hanya ce mai sauƙi ta guje wa tambaya. Mace ta tsaya ta zuba damuwarta da harshen uwarta, duniya ta ce ba ruwanta da abin da take faɗa, a dai ƙaro sauti. Wannan ba girmamawa ba ce. Da waƙar da Faransanci aka yi ta, da kowa ya nemi ma'anarta a ranar farko. Don harshen Afirka ne aka ɗauke shi kamar wani kayan kiɗa, kamar kacau-kacau. Mu da ake yi wa Hausa irin wannan kallo bai kamata mu yi wa Zulu ba.

Na farkon kuwa ya fi shi, ko ba komai ya yarda cewa kalma na da nauyi. Amma babu wanda ya cuce shi. Sunan birnin na nan ɓaro-ɓaro a kan waƙar, kuma duk wanda ya yi lakwal ya san shi da Faransanci. Abin da ya faru shi ne birni ɗaya na da suna uku a kunnenmu. In aka ce Ƙudus, zuciyarmu na zuwa ga alƙibla ta farko da Masallacin Aƙsa. In aka ce Urushalima, maƙwabcinmu Kirista ke jin nasa. Sunan Faransancin kuwa na darasin tarihi ne da jarrabawa, ba ya taɓa mu. Waƙar ta shigo ta ƙofa ta uku, shi ya sa ba wanda ya tsaya. Kuma batun cewa duniya ba matabbata ba ce, ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Waƙoƙin wa'azi da iyayenmu mata ke rerawa suna tankaɗe cike suke da shi.

Ba yau muka fara ba ma. Iyayenmu sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya ba su jin Hindi ko kalma ɗaya, wasu daga cikinsu kuwa a gaban gumaka ake rera su a fim ɗin. Bambancin kawai, su ba su da hanyar bincike. Mu muna da ita a aljihu, ba mu duba ba.

Wa ya ci ribar

A Yuli 2021 Nomcebo ta fito fili ta ce ba a biya ta ko sisi a kan waƙar ba. Kamfanin da ya fitar da ita, Open Mic, ya ba da nasa bayanin cewa rigimar kwangila ce ta tsayar da biyan. Ko ma wa ke da gaskiya, abin lura shi ne muryar da na ce ita ce waƙar, ita ce ke neman haƙƙinta a bainar jama'a bayan shekara ɗaya da rabi. A farkon 2021 kuma kamfanin Warner ya aika wa hukumomi a Jamus, ciki har da ƴan sanda, takardun neman kuɗin lasisi saboda sun sa waƙar a bidiyonsu. Doka ta ba shi. Amma matasan Angola da suka ƙago takun da ya sayar da waƙar fa, mutum nawa ne cikin masu rawar suka san ko sunan ƙungiyarsu? Daga baya Nomcebo ta samu kyautar Grammy a 2023 da wata waƙar, Bayethe, tare da Zakes Bantwini da Wouter Kellerman. Allah ya yi mata sakayya ta wata ƙofa.

Kafin mu zagi kamfanoni mu dubi kanmu. Dala ashirin da muke ba mai turi ya cika mana waya, ko tamma ba ta kai wa mawaƙin Damagaram ko na Tawa da ya biya situdiyo da kuɗin aljihunsa. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma mu nawa ne a nan muka san aikinta, mu da ke rubutu muna bugawa a fotokofi?

Mu fa?

Ina da abokai masu haɗa kiɗa a kwamfuta a ɗakunan site. Kusan dukansu sun yarda cewa in kana son waƙarka ta ƙetare iyaka sai ka yi ta da Faransanci ko Turancin Legas. Jerusalema ta ƙaryata wannan. Mace ta yi waƙa da harshenta, ba ta fassara ko kalma ba, ta zagaye duniya.

Kuma kiɗan na'ura ba baƙonmu ba ne. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan ɗinsa a Yamai, radiyo da tele na ƙasa suka yi ta sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har aka sake buga shi a waje a 2013. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi Anar a 2008, da Tamashek, da gangar na'ura da murɗa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Hanyar da Jerusalema ta bi ta zo mana, namu sun riga sun bi ta sun fita.

Sai dai akwai abin da nake roƙon masu kiɗanmu. Hausa harshe ne na karin sauti da tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, jan wasali ne ya raba su. Makaɗanmu na da sun san wannan ba tare da sun shiga amfi ba, suna aza doguwar gaɓa inda kiɗa ya ba ta wuri. Yanzu sai a fara haɗa bugu huɗun nan, a zo a cusa kalmomi ciki da ƙarfi, a guntule dogon wasali, na'ura ta baje karin, har Bahaushe ya kasa gane Hausarsa. Abin koyi a wurin Master KG shi ne ya matsar da kiɗa gefe don harshe ya numfasa. Abin koyi a wurin Nomcebo shi ne layuka kaɗan masu ciwo sun fi baiti talatin na jera sunayen alhazai.

Hukuncina dai: kiɗa matsakaici, murya babba, rawa ta aro, da lokaci da ya dace. Waƙa ce mai kyau wadda sa'a ta ɗaga sama da tsawonta, kuma duniya ta so ta ba tare da ta saurare ta ba. Ina fata wata rana waƙar Hausa ta yi irin wannan tafiya. Amma in ta je, ina so a samu ko mutum ɗaya a can da zai tsaya ya tambayi mi muke cewa.

Na kira gida na sa aka ba kaka waya na yi mata bayani. Ta yi shiru, ta ce: "Allah sarki, baiwar Allah. To an biya ta?" Na ce ana dai ta rigima. Ta ce: "Kai kuma sai da ka koma Yamai kana ka gano abin da na ji ina zaune bisa tabarma. Kuɗin lakwal ɗinka ni ya kamata a ba."